Ɗakin Sauraro na Mushe Rabilu

A hutun damina na shekarar 1988 aka sa sunana cikin malamai goma sha biyu da za su je Tawa kwas na kwana goma. Daga baya na ji cewa wanda aka yi niyyar turawa ne zazzaɓi ya kwantar, aka rasa wanda ke kusa sai ni. Amma a lokacin na ɗauka lispekta mai duba makarantu ya hango wani abu a tattare da ni wanda sauran mutane suka kasa gani.

Sunana Rabilu, yara na ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Aji shida nake koyarwa a lakwal, wato makarantar firamare, ta wani gari da ke bakin kwalta tsakanin Malbaza da Konni. Tun safe har la'asar manyan motocin siminti ke wucewa ta bayan ajina, in guda ta taho da nauyi har ƙyauren taga sai ya yi rawa. Yara saba'in da huɗu gare ni a wannan shekarar.

Kwas ɗin a kan yaran da karatu ke ba wuya ne. Wata mata daga Yamai ta koyar da mu, doguwa, ba ta ɗaga murya. Ta ce yaron da ba ya gane karatu ba lalle ne daƙiƙi ko malalaci ba. Wani tsoro ne ya riƙe shi, wani yunwa, wani damuwar gida, wani kuma jikinsa ne ba lafiya. Ta nuna mana hanyoyin taimako: a zauna da yaro shi kaɗai a saurare shi, a ba shi takarda ya zana abin da ya ga dama, a je a ga iyayensa, in ta kama a kai shi asibiti. Duk gaskiya ta faɗa. Ni dai abin da na fi kwasowa shi ne manyan kalmomin Faransanci, irin waɗanda sai ka ja numfashi kafin ka kai ƙarshensu. Na cika kaye guda da su, wato littafin rubutu. An kuma raba mana wani ɗan littafi mai shafi arba'in, na fara karanta shi daga tsakiya, don a nan ne kalmomin suka fi tsawo.

Ranar da aka koma lakwal na sami darektanmu, Malam Mahamudu, a buronsa, wato ofishinsa. Dattijo ne, saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma a wajensa maganin kowace matsalar karatu na rataye a ƙusa bayan ƙofa. Na roƙe shi ya ba ni ɗan ɗakin da ake jibge karyayyun bencuna.

Ya ce, "Mi za ka yi da shi?"

Na ce, "Ɗakin sauraro zan buɗe."

"Wa za ka saurara?"

"Yara."

Ya ce, "Rabilu, yara ka sauraren mushe, don haka gwamnati tas sa ka nan. Amma ɗauka. Ko share shi kay yi, an rage aiki."

Na fitar da bencunan, na kashe kunamu biyu, na sa kujeru biyu da ɗan tebur. Na yanko kwali na rubuta sunan ɗakin da Faransanci na manna a ƙofa. Kafin mako ya zagayo, mutanen gari sun sa mini suna likitan ƙwaƙwalwa. In na bi ta kasuwa sai in ji mahauta na cewa, "Likita, a sauka lahiya." Nakan ɗaga musu hannu da nutsuwa, kamar yadda na ga manya na yi. Matata Shatu ta ce mini, "Malam, anya yabo ne wanga?" Na ce mata mata ba su san irin waɗannan abubuwa ba.

Abin da ya rage shi ne in sami wanda zan warkar, wanda kowa zai gani ya shaida. Ban sha wuyar zaɓe ba. Akwai wata yarinya mai suna Kyauta, 'yar shekara goma sha uku, ɗiyar Labbo direban motar siminti. Shekararta ta biyu ke nan a aji shida, wato ni na koyar da ita bara ma, ta faɗi. In ta sake faɗuwa, shekaru sun wuce mata, sai gida.

Lamarin Kyauta na da ban mamaki. In na rubuta lissafi a allo, kafin in kaɗe alli daga hannuna ta gama, kuma daidai. Rubutunta tsaf kamar na injin. Amma in aka zo dikte, inda nake karantawa yara na rubutawa, sai ka rantse wata yarinya aka sauya. Kuskure biyar ke ba yaro sifili, ita takan yi talatin. Wani lokaci ta rubuta jimla guda cur wadda ban taɓa faɗa ba. In na yi mata tambaya a aji, sai ta zuba mini ido ta yi ɗan murmushi, shi ke nan. Bara na ɗauka raini ne. Bana da na dawo daga Tawa na san cewa damuwa ce mai zurfi, har ina da sunan damuwar mai gaɓa bakwai.

Abu na farko da na yi, na ɗauke ta daga benci na biyu inda take zama. Na karanta a tsakiyar littafin nan cewa yaro mai fargaba bai kamata ya zauna a ƙarƙashin idon malami ba. Na mai da ita can baya, jikin tagar da ke hannun dama, mai kallon kwalta, don ta sha iska hankalinta ya kwanta.

Sannan na sa mata ranaku, Talata da Jumma'a, bayan an tashi da yamma. Ƙofa a buɗe, ga darekta can a gindin bedi yana sauraren rediyo. Matar Yamai ta ce kada a zauna wa yaro gaba da gaba kamar alƙali, kuma a yi magana a hankali. Saboda haka sai na ajiye kujerata a gefenta na hagu, muna kallon bango tare, na sassauta murya har ni kaina da ƙyar nake jin abin da nake faɗa.

Na ce, "Kyauta, kina jin tsoro a aji?"

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "To, Mushe."

Na rubuta.

"Akwai abin da ke damunki a gida?"

"To, Mushe."

"Babanki yakan daɗe bai dawo ba?"

"To, Mushe."

"Kina kewarsa? Kina jin kamar ya yashe ki?"

Ta ɗan yi jim, ta kalli birona da ke jira a kan kaye. Ta ce, "To, Mushe."

Ranar na koma gida ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. A zama na uku na ba ta farar takarda da fensir na ce ta zana abin da ke ranta. Na nuna mata da hannu, ta gane. Ta zana motar siminti, da tayoyinta goma, da buhuna a jere, har da yaron mota a bisa kaya. Na riƙe takardar nan na ƙura mata ido. Ga uba, ga mota, ga hanyar da ke raba shi da ɗiyarsa. Na rubuta shafi huɗu a kan zanen nan, na fassara har hayaƙin da ke fita ta bayan motar.

Ana cikin haka Shatu ta kawo mini labari daga wurin famfo. Ta ce ba ni kaɗai ke yi wa yarinyar magani ba. Kakarta, tsohuwa Kande, tana karɓo mata rubutu wurin wani malami a Dogarawa tana ba ta kowace safiya. Ubanta kuma ya tsallaka iyaka ya sayo mata wasu kafso ja da rawaya a kemis. Na yi dariya na girgiza kai. Na ce, "Kin gani ko? Rashin sani. Ana ɗirka wa yarinya tawada da ƙwayoyi, alhali ciwon a zuciya yake."

Darekta ma ya kawo tasa gudummawa. Ya ce in na gaji da sauraro, in turo masa ita kwana uku kawai. Na yi masa bayani cikin ladabi, da kalmomi uku daga cikin kayena, cewa zamanin bulala ya wuce. Ya ce, "To, likita."

Haka muka yi wata huɗu. Kyauta ba ta taɓa fashin zuwa ba. Takan zo ta zauna ta haɗa gwiwoyi, in yi ta raɗa, ta yi ta cewa to, in yi ta rubutu. Na gano tana tsoron duhu, tana tsoron mutuwa, tana mafarkin ruwa, kuma ba ta son ƙanenta. Daga baya na ji ba ta da ƙane.

A jarrabawar watan Fabrairu ta yi kuskure arba'in da huɗu a dikte. Ba ta taɓa yin muni haka ba. Lissafin ma da take ta ɗaya, ta sauko ta tara, don na fara karanta musu tambayoyin da baki maimakon in rubuta a allo. Wani mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa. Ni kuwa sai na yanke cewa ciwon ya fi yadda na zata zurfi, kuma lokaci ya yi da zan je in faɗa wa iyayenta gaskiya komai ɗacinta.

Ranar Lahadi da hantsi na sa kaftanina mai ruwan toka, na ɗauki kaye da zanen motar, na nufi gidan Labbo. Na iske shi a ƙofar gida yana wanke fitilar mota da tsumma. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga fara'a. Ya shigar da ni zaure, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Tsohuwa Kande ta fito ta zauna a gefe da carbinta. Uwar yarinyar, Barira, ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida, rabin jikinta a bayan zana.

Bayan gaisuwa na gyara murya. Na yi musu bayani mai tsawo, ina yi ina fassara musu kalmomin Faransancin zuwa Hausa, duk da ba wanda ya nema. Na ce yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Na ce zuciyarta ce a ɗaure, kuma abin da ya ɗaure ta shi ne rashin uba a gida. Na juya wajen Labbo na ce ba laifinsa nake gani ba, na san neman abinci ne, amma yaro na bukatar ganin mahaifinsa. Na warware zanen na nuna masa.

Labbo ya karɓi takardar ya duba da kyau. Ya ce, "Wallahi ta iya. Har tayar sifiya ta sa." Sannan ya ɗago. "Amma Mushe, ni kullum nan nika kwana. Konni nika kai kaya in komo. Wata rana ma nan nika cin tuwon rana."

Na ce, "Ita da bakinta ta ce mini kana daɗewa ba ka dawo ba."

"Kyauta tac ce haka?"

"Na tambaye ta, ta ce to."

Tsohuwa ta daina jan carbi. Sai Barira ta yi magana daga bayan zana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Mushe, don Allah in tambaye ka. In kuna zaman nan naku, ta wane gehe kaka zama mata?"

Na yi tunani. Na ce, "Ta hagunta."

"Da ƙarhi kaka magana?"

"A'a. A hankali. Haka ƙa'idar take."

Barira ta ce, "To ai ba ta ji da wanga kunne. Ko ganga kab buga mata nan, ba ta ji. Tun ƙyandar da tay yi tana aji ukku. Na dama ma sai an ɗaga murya, kuma kwanakin ga ruwa shika yi."

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon ƙwaryar furar da ke gabana ba. Na tuna kujerata a hagu. Na tuna bencin baya, inda na jera mata kunnen da ke ji da taga, motocin siminti na zuba masa ruri, mataccen kuma na juyo da shi wajena. Na tuna yadda nake karanta dikte ina zagaya aji hannu a baya, wani lokaci ina kallon rufi, don na ga haka malamanmu Turawa ke yi.

Da ƙyar na ce, "Me ya sa ba ku faɗa ba?"

Tsohuwa Kande ta ce, "Ɗana, tsoro munka ji. Munka ce in lakwal ta sani, korar ta za a yi, a ce kurma ce. Yarinyag ga kuwa tana son bokon nan awa ranta."

Barira ta ƙara da cewa, "Da munka ji ka buɗe ɗakin magani ka ɗauke ta, sai munka zaci ka gane da kanka. Tunda kai al likita."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ta fi shiga. Na juya wajen tsohuwa na tambaye ta rubutun da take ba yarinyar na mene ne. Ta ce na kunne. Na tambayi Labbo kafso fa. Ya ce na kunne ne, mai kemis ya ce suna busar da ruwa. Wato duk cikin masu yi wa Kyauta magani, tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba da direban da na zo yi wa wa'azi sun san cutar da suke nema wa sauƙi. Ni mai kaye da takardar shaida daga Tawa ne kaɗai ban sani ba.

Aka kira Kyauta. Ta shigo ta durƙusa. Barira ta ce in matso in zauna gabanta sosai, in buɗe baki in yi magana kamar ina kiran wani a hayin gona. Na yi haka.

"Kyauta, duk tambayoyin da nake miki, kina ji?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Mushe."

"To don me kike cewa to?"

Ta kalli uwarta, uwar ta gyaɗa mata kai. Ta ce, "Na ga in nac ce to kana rubutawa, kuma kana murna."

Labbo ya juya fuska wajen bango, kafaɗunsa na motsi. Na ɗauko zanen na ce, "Wannan motar fa? Ta babanki ce?"

"A'a. Ta Baba ja ce. Wagga ita nika gani ta taga."

Na shanye furar, don ban ga wata hanyar da zan ɓoye fuskata ba sai cikin ƙwarya.

Da na isa gida ko kaftani ban tuɓe ba, na ɗauko ɗan littafin nan na buɗe shafi na farko, wanda ban taɓa karantawa ba saboda kalmominsa gajeru ne. Layi shida ne kacal. An ce kafin a yi komai, a gwada idon yaro da kunnensa. A tsayar da shi ya ba da baya, a ja taki biyar, a faɗi lamba a hankali a ce ya maimaita, kunne ɗaya bayan ɗaya. An ja layi a ƙarƙashi har biyu. Na karanta wa Shatu. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai ni ma na san yarinyar ba ta ji. Duk matan famfo sun sani."

"Kika yi shiru?"

"Ka ce mata ba su san irin waɗannan abubuwa ba."

Washegari na je na faɗa wa darekta komai, ban rage ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na miƙa masa ruwa. Da ya huce ya share ido ya ce, "Ni ma shekara huɗu tana gabana ban lura ba. Da ka turo min ita da na zane kurma a banza." Ya ce ba wanda zai kore ta yana raye. Ya jawo takarda ya rubuta wa majo, babban ma'aikacin asibitin Malbaza, ya buga hatimi.

Ranar Laraba Labbo ya ɗauke mu a gaban motarsa, ni da Kyauta da Barira. Majo ya leƙa kunnuwan da 'yar fitila. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, ba abin da zai iya yi masa. Na dama kuwa ƙwayar cuta ce ta daɗe a ciki, ga datti ya toshe. Ya wanke shi, ya ba da maganin ɗigawa da na sha, ya ce a jefar da kafson nan. Game da rubutu ya ce a ci gaba in ana so, amma a baki, kada a zuba a kunne. Ya tambaye ni ko ni ne malamin da ya gano matsalar. Barira na tsaye. Na ce a'a.

Na dawo da Kyauta benci na farko, ɓangaren da kunnenta na dama zai fuskance ni. Na daina yawo lokacin dikte, na tsaya wuri guda ina kallon yara. Kuskurenta ya sauko daga arba'in da huɗu zuwa ashirin da shida, ya tsaya nan. Muka ci gaba da haɗuwa a ɗan ɗakin, amma yanzu gaba da gaba, ina furta kalma tana kallon bakina tana rubutawa. Wata rana na ga tana leƙe tana karkata kai. Na tambaye ta mene ne. Ta yi ta nuƙu-nuƙu, sai da na matsa ta ce, "Mushe, gashin bakinka ka rufe maganar."

Shekara bakwai ina kiwon gashin bakin nan. Ina da ɗan almakashi na musamman dominsa. Na yi kwana biyu ina shawara da madubi, rana ta uku na je wurin wanzami. Da na shiga aji da safe, yara saba'in da huɗu suka miƙe don gaisuwa, suka kasa saboda dariya. Har Kyauta sai da ta kifa kai a benci. Makon da ya biyo ta yi kuskure goma sha huɗu.

Muka gwada sauran yaran ma, ajin gaba ɗaya, ni da darekta. Shi ya karɓi aikin raɗa, duk da raɗarsa ana jin ta a aji biyar. Muka sami yara biyu da ba sa ganin allo daga baya, da wani guda da ya cusa ƙwayar wake a kunne tun kaka bai faɗa wa kowa ba. Kwalin ƙofa kuwa na cire shi da kaina na ba Shatu ta hura wuta.

Ranar jarrabawa a watan Yuni na roƙi shugaban cibiya ya zaunar da ita gaba, ya yarda. Sai dai wanda ya karanta dikten baƙo ne daga wata lakwal, mai saurin baki, kuma ba ta saba da leɓɓansa ba. Da aka karanta sakamako a rediyo, sunan Kyauta ya fito cikin waɗanda suka sami satifika, takardar gama firamare. Cikin masu shiga kwaleji bai fito ba. Da takardu suka iso na duba, maki kaɗan ne ya hana ta. Na sha zama in lissafa abin da wata huɗun nan da na ɓata ina raɗa a mataccen kunne za su iya ƙara mata. Ban taɓa samun amsar da ta yi mini daɗi ba.

Labbo ya zo har gida godiya, riƙe da zabi biyu. Ya ce a danginsu kaf ba macen da ta taɓa samun satifika. Na ce masa ban cancanci komai ba, na ma yi masa bayanin dalili. Ya ce ya ji, ya ajiye zabin ya tafi. Kunya ta hana ni barcin rana, amma ba ta hana ni cin naman ba. Kyauta kuwa aka kai ta Konni wurin wata gwaggonta, ta shiga cibiyar mata inda ake koyar da ɗinki.

A 1991 aka mai da ni Badaguishiri. Shekara shida bayan haka muka je Konni biki ni da Shatu, sai ta nuna mini wani shago kusa da tasha, keken ɗinki uku a ciki, 'yan mata na aiki. Ta ce na Kyauta ne. Na ce madalla, na ƙara sauri. Ta riƙe mini hannun riga ta ce ba inda za mu sai mun shiga.

Kyauta ta zama babbar mace, da goyo a baya da tef a wuya. Tana ganina ta taso ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce wa 'yan matan, "Wanga shi am mushena." Ta tambayi darekta, na ce ya rasu bara, ta yi masa addu'a. Ta nuna mini littattafan samfurin ɗinki da ake kawo mata daga Kwatano, ta ce ita ke karanta wa sauran teloli bayanin da ke ciki. Na fara haɗa wata doguwar magana ta neman gafara da na daɗe ina shiryawa, amma wata mai kaya ta shigo, sai Kyauta ta ce in ɗan tsaya, ba zan fita shagonta ba sai da riga. Ta kira wani tela namiji daga shagon maƙwabta ya auna ni, ita tana rubutawa. Kafaɗa, hannu, tsawo. Da ya zo ciki ya zagaya tef ya faɗi lamba a hankali, don ya rufa mini asiri. Kyauta ta juyo da kunnenta na dama ta ce ba ta ji ba, ya ɗaga murya. Ya ɗaga. Ta maimaita lambar da Faransanci, tsaf, yadda har masu jiran mota a waje suka ji, sannan ta rubuta. Shatu ta ce a ƙara yatsa biyu, don bikin kwana uku ne kuma ba mu ci na yau ba tukuna.